Bakancen Uwar Dikin Pyo

A majami'armu ta Iksan babu wanda ya kai Dikin Pyo Man-sok zuwa sujada, kuma babu wanda ya kai shi rashin jin wa'azi. Shekara ashirin da ɗoriya bai taɓa fashin Lahadi ba, amma in ka tsare shi ka ce ya faɗa maka launin labulen da ke bayan mumbari, sai dai ya yi maka canke. Shi ne mai jera mana motoci. Tun kafin a buɗe ƙofa yana tsakar haraba da farar safar hannu, da jan sanda, da usur a wuya. Muna ciki muna rera waƙa, yana waje yana tura motar wani. Mun gangara ɗakin ƙasa shan taliya bayan sujada, yana fitar da masu sauri. Kafin ya samu ya zauna, tasa taliyar ta kumbura ta yi kaurin igiyar shanya, kuma haka zai sunkuyar da kai ya gode wa Allah a kanta.

Ni sunana Bang Tae-gil, awara nake yi a bakin kasuwa, ni ma dikin ne, wato mai hidima a majami'a, don a majami'armu in ka daɗe kana zuwa ba ka bugi kowa ba, wata rana za ka wayi gari dikin. Man-sok direban tasi ne a sauran kwanakin mako. Layi ɗaya muka tashi, ya ɗan girme ni, saboda haka Yaya nake ce masa in mu biyu ne, Dikin in da mutane. In ya ba ni haushi kuma ina da wasu sunayen da ba a faɗa a harabar majami'a.

Matsalarsa ta girme wayonsa. Yana ɗan ƙarami ƙyanda ta kwantar da shi, har maƙwabta sun fara magana ƙasa-ƙasa. Uwarsa ta goya shi ta hau dutsen addu'a, ta durƙusa ta ce, "Ubangiji, in ka bar mini shi, naka ne. Bawanka zai zama." A wurinmu in uwa ta ce bawan Ubangiji, fasto take nufi, ba wani abu ba. Yaro ya warke. Ba wanda ya nemi shawararsa, a lokacin da majina yake fama.

Haka ya tashi da bakance a wuya. In muka haura katangar wani muka tsinko 'ya'yan itace, mu a ja mana kunne a wuce wurin, shi kuwa uwarsa ta zaunar da shi ta yi ta kuka har ya gwammace duka. Tsofaffin majami'a suna shafa kansa suna ce masa ƙaramin fasto tun bai iya ɗaura igiyar takalmi ba. Da ya gama sakandare aka sa shi a jirgin ƙasa zuwa makarantar fastoci, zumuntar mata suka raka shi tasha da waƙa da dafaffen ƙwai.

Abin da ba wanda ya lura da shi, tun da ba a taɓa barinsa ya yi magana ba, shi ne Man-sok in ya tsaya gaban mutanen da ke zaune suna kallonsa, harshensa mutuwa yake yi. I'ina ta kama shi, gumi ya karyo. Ranar wa'azinsa na gwaji ya hau, ya karanta aya da ƙyar, ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi, ya ce "Amin," ya sauko. Waɗanda suka halarta har yau suna yabon wa'azin nan, sun ce ba su taɓa zuwa cin abinci da wuri kamar ranar ba. Bai kai ƙarshen shekara ba ya tattara ya bar makarantar. Ya yi aikin soja a matsayin direba, ya dawo ya kama tasi, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata biyu da ba wanda ya yi bakance da su.

Uwarsa ba ta taɓa yi masa faɗa a kan haka ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Ita ce Gwonsa Ok, wato cikin tsofaffin matan da majami'a ta ba muƙamin addu'a da ziyarar marasa lafiya, kuma a sujadar asuba, sa'ad da kowa ke ɗaga murya yana kai nasa kukan a lokaci guda, muryarta ce ke fitowa sama da ta kowa: "Ubangiji, ka tuna da ɗana mai taurin kai! Naka ne, ni na ba ka, ka kamo shi!" Shekara da shekaru. Duk wanda ya shigo majami'armu sabo, kafin ya san sunan fasto ya san akwai wani mai taurin kai da ake nema. Sai daga baya ya gane mutumin nan ne da ya buɗe masa ƙofar mota da murmushi.

Abin dariyar, mutumin da ba ya iya haɗa jimla a kan mumbari, in ya tsaya a haraba ya ce "Baya! Baya! Tsaya!" har masu jiran jirgi a tasha sai sun ja da baya. An gina harabarmu ne a zamanin da mai keke shi ne mai kuɗi. Yanzu kowa da motarsa, ga lungun da ake shigowa mota ɗaya yake ɗauka, in ta cika ciki sai a jera sahu a bayan sahu. Dokokinsa biyu ne, ba shi ya ƙirƙiro su ba, ko'ina a garin nan haka ake yi, shi dai ya mai da su wajibi. Ta farko, in ka tare wani, ka bar motarka a firi, ka sauke birkin hannu, ka miƙe tayoyi, don a iya tura ta. Ta biyu, lambar wayar da ka liƙa a gilashin gaba, in an kira ta ka ɗauka, ko kana tsakiyar addu'a.

"Haba Dikin, tsakiyar addu'a?" in ji masu sabon zuwa.

"Ubangiji mai haƙuri ne," yakan ce. "Iya Tak ba ta da shi."

Iya Tak ita ce mai gidan farfesu a tsakiyar lungun. Ba ta zuwa majami'a, kuma ta ce ba za ta zo ba sai ranar da ta ga Kirista ya ajiye mota kamar mai tsoron Allah. Ta kai ƙararmu ofishin unguwa ya fi a ƙirga. A duk majami'ar mutum ɗaya take amsa wa gaisuwa, shi ma ba ta san sunansa ba, Mai Usur take ce masa. Ko tasinsa ba ta taɓa gani ba, don ranar Lahadi can bakin kogi yake ajiye ta ya tako da ƙafa, kada ya cinye gurbin wani.

Fasto Yom, Allah ya ƙara masa lafiya, kowace shekara yana da wa'azi guda a kan aiki. Yakan ce duk sana'ar da mutum ya riƙe da gaskiya kira ce daga Allah, mai shara da fasto ɗaya suke a gabansa, tebur ɗin kanti ma bagade ne. Mu ce amin da ƙarfi, ni har hawaye nake yi in na tuna ashe waken suya da nake niƙawa ibada ce. Sannan mu gangara shan taliya, inda fasto da dattawa ke da tebur nasu mai shimfiɗa da ƙarin ƙwai, sauran masu kira kuma mu bi layi da kwano. Gwonsa Ok ba ta cewa amin a wannan wa'azin. "In ɗaya suke," ta taɓa ce mini, "ya sauko ya karɓi tsintsiyar mana mu gani."

Wata Lahadi na fito na tarar da Man-sok ya jingina kafaɗa da motar wani yana turawa.

"Yaya, ka san Fasto ya ce aikin nan naka kira ne?"

"Yaushe ya ce?"

"Kowace shekara yake cewa."

"To, ni ba wanda ya faɗa mini. Kama can mu tura."

Muka tura. Da muka tsaya shan iska ya ce, "Ni ban san kira ba, Tae-gil. Na dai san in ban tsaya a nan ba, rabin mutanen nan da zagi a baki za su shiga sujada." Ya gyara safar hannunsa. "Amma ba wannan Umma ta yi alkawari ba. Ni saƙo ne da aka aika wa Ubangiji, na ɓata a hanya."

Da wasa ya faɗa, amma ni na san fuskar wasansa, ba ita ce wannan ba.

Gwonsa Ok ta haura casa'in, ƙafa ta daina ɗaukarta, ta koma gidan 'yarta a bayan gari. Likita ya ce zuciyarta ta gaji, a fara shiri. Ita ta ce ba inda za ta. "Da wane ido zan dube Shi? Zai ce, Ok, ina abin da kika ce za ki ba ni? In ce yana waje yana busa usur?" Ni a ganina kunya ce ta raya matar nan shekarun ƙarshe, ba magani ba.

Sai ga zaɓen dattawa ya taso, aka sa sunan Man-sok cikin 'yan takara. Dattijo ba fasto ba ne, amma ana ɗora masa hannu, yana zama a kujerun gaba, yana hawa mumbari ya yi addu'a a madadin jama'a. Da aka kai mata labari sai ta ce, "Rabin alkawari ne. To, in gan shi a kan mumbari da idona ko sau ɗaya. Zan tafi da rabin, in roƙi arziki a kan sauran."

Al'adarmu kuwa, kafin a jefa ƙuri'a kowane ɗan takara ana ba shi Lahadi guda ya yi wannan addu'ar, jama'a su ɗanɗana shi. Ta Man-sok ta faɗo ranar godiyar kaka, ranar da har waɗanda suka manta hanyar majami'a suke tunawa da ita.

Ban taɓa ganin mutum ya yi wa addu'a tanadi irin wannan ba. Ya haddace ta tun daga "Ya Ubangiji" har "Amin." Yakan zo shagona da rana ya tsaya gaban farantan awara ya rufe ido ya zubo ta tiryan-tiryan, ba i'ina ko ɗaya.

"Yaya, awarar nan ta tuba," na ce masa. "Saura mutane."

"Kai dai ba ka da mutunci."

"A'a, shawara ce. In ka hau, ka ɗauka duk awara ne. Dattijo Chu ma ai ba sai ka wahalar da tunaninka ba."

A cikin tasi ma bai bar ta ba. An ce wani fasinja da ya ji direba yana ta roƙon gafarar zunubai a kan babbar hanya, ya ce a sauke shi nan ma ya isa. Matarsa ta saya masa sabuwar kwat da takalmi mai matse ƙafa. Aka danƙa haraba a hannun mawaƙa biyu masu siririyar murya. Ni kuma aka ba ni aikin ɗauko Gwonsa a motar awarata, don ita ce ke da wurin keken guragu a baya.

Na same ta a shirye tun ban iso ba, cikin kayan gargajiya ruwan sararin sama da ke tashin ƙanshin kafur. 'Yarta ta raɗa mini cewa kayan da ta ɗinka ne don ranar da za a naɗa shi fasto, suna akwati tun lokacin.

"Umma, kin yi kyau kamar amarya."

"Ja mota, mai awara. Bakinka ya fi hannunka aiki tun kana yaro."

Muna shan kwana zuwa lungun majami'a na san akwai magana. Motoci ne bumfa da bumfa tun daga bakin titi, rabinsu babu kowa a ciki. Kafin in yi tunanin ja da baya wasu sun toshe ni ta baya. Na miƙa wuya ta taga, can a ƙofar haraba na hango abin da ya hana kowa shiga: tasi ruwan lemo a gicciye. Na san lambar nan fiye da ranar haihuwar matata.

Daga baya na ji yadda aka yi. Man-sok ya tsaya a ƙofar ne don ya sauke matashin zama da zai sa wa uwarsa a kujerar gaba ta majami'a, da niyyar ya dawo ya kai motar bakin kogi. Yana shiga Fasto Yom ya kama hannunsa ya ja shi ofis a yi masa addu'ar ƙarfafawa. Mutum da ke maimaita haddarsa a zuci, ina ya tuna da wata tasi? Ya ja birkin hannu, ya kulle, makulli a aljihu, karo na farko a rayuwarsa. Mawaƙan nan biyu sun san motar waye, amma wa zai je ya ce wa Dikin Pyo ya yi fakin ba daidai ba? Suka tsaya suna kaɗa hannu. Jama'a kuma da suka ga za su makara, kowa ya kashe motarsa inda ta tsaya ya kulle ya ruga ciki, tun da ba mai usur da zai tambaye shi ko ya bar ta a firi.

Ga mu a tsakiya. Ƙofata ta dama katanga, ta hagu madubin wani. Ko da na fitar da keken, babu inda zai bi. Daga ciki muka ji an fara waƙar buɗewa.

"Me muke jira?" in ji Gwonsa.

"Cunkoso ne, Umma."

"Ina mai kula da wurin?"

"Yana ciki, Umma. Ke kika tura shi."

Sai na ciro wayata na kamo sujadar, don yanzu ana watsa ta kai tsaye saboda marasa lafiya, na jingina ta a gabanta. Waƙa ta ƙare. Sai ga Man-sok ya hau mumbari cikin sabuwar kwat, yana taku kamar mai tafiya a kan ƙusa.

"Ya yi ƙanƙanta," ta ce.

"Wayar ce ƙarama."

Ya kama gefen mumbari da hannu biyu. Jama'a suka sunkuyar da kai. "Ya… ya… ya Ubangiji," ya fara. Gumi har a waya ana gani. "Mu… mun zo gabanka…" Kowace kalma sai ya haƙo ta kamar doya, amma yana haƙowa. Tsohuwa ta haɗa hannuwa, leɓɓanta suna motsi, tana tura shi daga nan.

Daidai nan Iya Tak ta fito daga shagonta, ludayi a hannu ɗaya, waya a ɗaya. Motarta na ƙofa cike da tukwanen farfesun bikin aure, ba gaba ba baya. Ta bi motoci tana dukan kowace da ludayi har ta isa ga tasin. Na ga ta sunkuya tana karanta lambar gilashi.

Na zuro kai ta taga. "Iya Tak! Don Allah kar ki kira! Ki ba shi minti kaɗan!"

"Kai mai awara, rufe mini baki! Da kai da su duk tafiyarku ɗaya!"

Ta danna.

A cikin wayata, a tsakiyar "ka… ka gafarta mana," aljihun Dikin Pyo ya fara ƙara, makirufo kuma ya ɗauka ya raba wa majami'a duka. Ya buɗe ido ɗaya. Ya rufe. Wayar ta ci gaba. Na ga hannunsa ya saki mumbari, ya koma, ya sake saki. Mutanen da ke zaune a gabansa babu wanda shi Man-sok bai taɓa fitarwa daga tsakiyar addu'a da wannan dokar ba. Ya ciro wayar ya ɗauka.

"Kai wane marar mutunci ne ka toshe mana hanya da tasi?" Muryar Iya Tak ta cika ɗakin sujada, karo na farko da ta shiga majami'armu. "Haka Allahnku ya koya muku? Farfesun mutane yana hucewa!"

"Iya Tak? Wace tasi?"

"Ruwan lemo, da gicciye a rataye a madubi, don rashin kunya!"

Ya shafa aljihu. Ko a ƙaramar wayar nan na ga lokacin da yatsunsa suka taɓa makulli. Ya ɗaga kai sama ya ce, a fili, ba i'ina, "Ubangiji, ka ɗan jira ni." Sannan ya ce, "Iya, me ke bayan tasin? Faɗo mini su a jere."

Ta fara lissafo su da zagi a gindin kowace. Shi kuma ya jawo makirufo, muryar haraba ta dawo masa gaba ɗaya. "Dattijo Chu, baƙar motarka ce ta farko, tashi! Dikin Ma, farar nan taka ce, na sha gaya maka ka miƙe taya! Uwargidan Fasto, ki yi haƙuri, ke ce a kan kwana. Masu ganga, ku ajiye, ku zo turi. Duk wanda ya san ya kulle mota a lungu, ya miƙe yanzu, ba sai na kira suna ba!"

Majami'a ta miƙe. Ba ƙari na yi ba, kujeru har ƙara suka yi.

"Ƙara mini murya," in ji Gwonsa.

Kafin in ƙara ya ɓace daga hoton. Sai ga shi ya ɓullo ƙofa a guje, sabon takalmi a hannu, safa a ƙasa, usur a baki. Ashe yana aljihun kwat ɗin tun safe. Ya janye tasin, ya hau kan dakalin ƙofa, ya fara: wannan ciki, wannan baya, ku huɗu ku tura waccan. Dattawa da laktaye suna gudu da makullai a hannu. Lungu ya fara numfashi. Ya isa gaban Iya Tak ya rusuna har kansa ya kusa taɓa gwiwa.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Mai Usur? Taka ce?"

"Tawa ce, Iya. Ki gafarce ni."

"To kai kuma me ya kai ka ciki?"

A lokacin ne ya hango motar awara. Ya tako a hankali, gumi ya jiƙe kwat, yatsan ƙafa ya leƙo ta safa. Ya tsaya a tagar uwarsa, i'inar ta dawo.

"Umma, na… na…"

"Ka bar addu'a a buɗe," ta ce. "Ko Amin ba ka ce ba. Haka na koya maka? Rufe ta."

"A nan?"

"Can ɗin ka iya ne?"

Ya dafa ƙofar motar ya rufe ido, a tsakiyar lungu, injuna na ruri. Haddar duk ta gudu. "Ubangiji," ya ce, "na dawo. Ka shigar da kowa lafiya, ka mai da kowa gida lafiya. Wanda ya zagi wani yau ka yafe masa, laifina ne. Ka sa farfesun Iya Tak ya isa da zafinsa. Amin."

"Ya riga ya huce!" in ji Iya Tak ta taga, ta wuce.

Wani ya danna hon a bakin titi, Man-sok ya juya ya tafi. Tsohuwa ta bi shi da kallo har ya shige tsakanin motoci. Sujada ta yi nisa kafin mu samu shiga, Gwonsa ta ce kar in sauke ta, nan ma ya yi.

"Tun ina budurwa nake zaune gaban fastoci suna cewa ku tashi, ku tashi," ta ce. "Ban taɓa ganin Chu ya tashi da gudu ba sai yau."

"Wato bakance ya cika ke nan, Umma?"

"Ka ji na ce haka? Abin da na roƙa fasto ne." Ta share bakinta da hankici. "Sai dai ni na ce na ba da shi. Ashe Mai shi ya karɓa tun tuni. Ni ce na tsaya a kansa ina gaya masa inda zai sa kayansa."

"In faɗa wa Yaya haka?"

"Ka faɗa masa ya sayi safa."

Na faɗa masa duka biyun. Yana cikin shan kumburarriyar taliyarsa ya ajiye tsinken cin abinci, ya goge ido da bayan hannu. Sannan ya ce barkono ne ya yi yawa. Ba a sa barkono a taliyar majami'armu.

Da aka jefa ƙuri'a bai samu kashi biyu cikin uku da ake bukata ba. Kada a ɗauka wayar ce ta kayar da shi. Kowa ya yaba masa, Fasto Yom har ya sa labarin cikin wa'azi. Abin da ya kayar da shi shi ne jama'a sun ɗanɗana Lahadi guda babu shi a haraba. Ni na zaɓe shi. Matata kuwa ta ce tana ƙaunarsa har zuciya, amma dattawa muna da su da yawa, ita kuma tana so ta riƙa isa gida kafin la'asar.

Da aka gaya wa Gwonsa sakamakon ta ce, "Marasa kunya." Sannan ta ce daga yanzu in an kawo ta sujada a ajiye kekenta a haraba, gefen ƙofa, an lulluɓe ta da bargo. Zumuntar mata suka ce ai ba za ta ji wa'azi ba. Ta ce ta ji wanda zai ishe ta. Haka ta yi sanyin shekarar nan tana zaune tana gyara masa aiki: waccan ba ta miƙe ba, wancan bai sauke birki ba, ɗaga hannunka da kyau mana, mutane na kallo. A sujadar asuba kuma, 'yarta ta ce, tana kan gado tana addu'arta da ƙarfi kamar kullum, amma ta daina cewa a kamo shi. Yanzu gwiwoyinsa take roƙa wa lafiya.

Ta rasu da shigowar bazara. Wasiyya ɗaya ta bar masa, a gabana ta faɗa: "Ranar da za a fitar da ni, kar ka bari wani ya tare motar. Na jira ya isa."

Ranar jana'izar majami'a ta cika har lungu. Kujerar babban ɗa tana gaba, kusa da akwati, da matashi a kai. Babu kowa a kanta. Man-sok yana waje da baƙar kwat da ƙyallen makoki a damtse, farar safar hannu, usur a baki, kuma ko da aka fito da ita, daga ƙofar haraba har bakin titi direban motar gawa bai taka birki ko sau ɗaya ba. Iya Tak ma ta janye motarta tun kafin a roƙe ta, ta tsaya a ƙofar shago ba ludayi.

Wa'azin jana'izar ya yi kyau ƙwarai. Fasto Yom ya yi magana a kan kira, yadda Allah ke sa kowa a gurbinsa. Mutane sun yi kuka. Dikin Pyo bai ji ba.